Bugun Ƙasa da Katin Duba: Me Ake Koya a Zaurukan Masu Duba na Gombe?

Da wuya ka ga allon talla a ƙofar gidan mai duba. Ba ya cikin ƙungiyoyin masu sana'a na Babbar Kasuwar Gombe, ba ya kuma ba da rasit. Amma duk wanda ya yi tambaya cikin sirri a Jekadafari ko Bolari, Pantami ko Herwagana, ba zai rasa mai yi masa kwatance ba. Masu zuwa kuwa iri-iri ne: ɗan kasuwar da kayansa suka kwanta, uwar da 'yarta ta isa aure manema ba sa tsayawa, matar da ta ji ƙishin-ƙishin za a yi mata kishiya, saurayin da ya gama hidimar ƙasa takardunsa na shan ƙura, da ɗan siyasar da zaɓe ya ƙarato masa. Yawancinsu da dare suke zuwa ko da sanyin safiya, kuma in an tambaye su a bainar jama'a, za su ce sanin gaibu sai Allah.

A 'yan shekarun nan wani sabon salo ya shigo ta wayar hannu. Matasan da ke leƙa TikTok da YouTube suna cin karo da bidiyon mutanen Turai da Amurka suna baza wasu katuna masu zane-zane a kan tebur, suna gaya wa mai kallo abin da zai same shi a soyayya ko a neman kuɗi. Katin tarot ke nan. Ga ɗan Gombe katin baƙo ne, amma aikin da ake yi da shi tsohon sani ne, don mu ma muna da namu: bugun ƙasa, hisabi, zuba wuri, duban ruwa a ƙwarya. Na gida da na waje duk koyonsu ake yi, da littafi da malami da haddar ma'anoni. Tunda kuwa koya ake yi, ya kamata a san wa ya tsara su, yaushe, kuma a kan me almajirin wannan fanni yake ƙwarewa a zahiri.

Masarautar da aka kafa a kan hani

Tarihin Gombe da kansa ya taɓo wannan batu. Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa masarautar, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, daga wajensa ya karɓo tutar jihadin da aka fara a 1804. Ya yi mazauninsa a Gombe Abba a bakin kogin Gongola, ya rasu a 1841. Bayan zuwan Turawa aka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita Doma a 1919, inda birnin Gombe na yau ya tsiro. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, aka kuma ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Duba na cikin abubuwan da Shehu ya yi wa'azi a kansu da kakkausar murya. A littafinsa Nurul Albabi ya ambaci masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen yashi, ko lissafin taurari, ko labarin aljanu, ya sa su cikin masu gauraya Musulunci da abin da ke warware shi. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, bugun ƙasa ya riga ya kafu a ƙasar Hausa tun kafin jihadi, har ya kai a rubuta littafi a yaƙe shi. Na biyu, sama da shekara 200 na wa'azi ba su kawar da shi ba.

Kafin yashi ma akwai wasu hanyoyin. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe a gindin Dala, wanda yakan shiga wurin Tsumburbura ya fito ya sanar da mutane abin da shekara za ta zo da shi. 'Yan bori suna da nasu salon, inda iska kan hau mutum ya yi magana da bakinsa. Bokaye na zuba wuri su karanta yadda ya faɗi. Abin da ya ba bugun ƙasa fifiko a kan waɗannan shi ne rigar da ya shigo da ita: da Larabci ya zo, a rubuce, a hannun mai rawani da tasbaha. Mutumin da zai ji kunyar a gan shi a gidan boka ba ya jin nauyin cewa wajen malam ya je.

Gombe kuwa mahaɗa ce. Hanyoyin Barno da Adamawa da Bauchi da Kano duk sun ratsa ta, ga almajirai masu tafiya gabas neman karatu, ga mahajjatan da ke bi ta ƙasa zuwa Makka a zamanin da. Fulani, Bolawa, Terawa, Barebari, Hausawa, Tangale, Waja da Jukunawa sun cakuɗa a gari ɗaya. Inda mutane suka taru da kayansu, da littattafansu da asiransu suke tahowa.

Daga ina yashin ya fito?

Larabawa na kiran wannan fanni ilmur ramli. Masu yin sa suna jingina asalinsa ga Annabi Idrisu, amma rubuce-rubucen da aka sani a kansa ba su wuce ƙarnukan tsakiya na tarihin Musulunci ba. Littafin da ya fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma shi ne wanda ake danganta wa Abu Abdullahi Muhammad az-Zanati, mutumin Arewacin Afirka da ya rayu a ƙarni na 13. Tun a ƙarni na 12 wani malami a ƙasar Sifen, Hugo na Santalla, ya fassara wani littafin ramli zuwa Latin, daga nan fannin ya shiga Turai. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata na'urar tagulla mai maɓallai da aka ƙera musamman don bugun ƙasa, aikin Muhammad ibn Khutlukh al-Mausili a shekarar 639 ta Hijira, wajen 1241 ke nan. Fannin ya kai har Madagaska, inda ake kiransa sikidi. Masana na kuma tattauna kamanninsa da Ifa na Yarabawa, mai babi 256, wato sha shida sau sha shida.

Malaman ƙasarmu ba 'yan kallo ba ne a irin waɗannan fannoni. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya bar Katsina ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a kan hatimai a 1732, ya kuma bar wani mai suna Ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masana lissafi na yau suna ambatonsa saboda hanyoyin da ya bayyana na cika murabba'in lambobi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Suka ma ta daɗe. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya bayyana yadda ake bugun ƙasa dalla-dalla, sannan ya yanke hukuncin cewa tsari ne da mutane suka ƙirƙira da kansu ba tare da hujja ba, kuma marasa aikin yi a birane ne suka mayar da shi hanyar cin abinci.

Yadda ake bugawa

Mai duba yakan zauna a kan buzu, ya baza yashi mai laushi a gabansa, a faifai ko a ƙasa. Wasu sukan sa mai tambaya ya ɗora tafinsa a kan yashin, ko ya raɗa buƙatarsa a kan kuɗin da ya zo da su. Sai malam ya share fuskar yashin da gefen hannu, ya shiga ɗiga ɗige-ɗige da yatsa daga dama zuwa hagu, da sauri, ba tare da ƙirgawa ba. Layi huɗu, sannan wasu huɗu, har layi sha shida. Daga nan sai ya bi kowane layi yana kashe ɗigon bibbiyu. Abin da zai rage a ƙarshen layi ba ya wuce ɗaya ko biyu.

Ragowar layuka huɗu na farko, in an jera su daga sama zuwa ƙasa, su ne siffa ta farko. Haka za a yi har a sami siffofi huɗu, su ake kira uwaye. Kowace siffa hawa huɗu ce, kowane hawa ɗigo ɗaya ko biyu, don haka siffofin da za su iya fitowa gaba ɗaya sha shida ne, ba ƙari. Kowace da sunanta: wadda duk hawanta ɗaya-ɗaya ne ita ce Ɗariƙ, wadda duk bibbiyu ne Jama'a, ga Bayala da Humra, ga Ijtima'i, ga Nusra mai shiga da Nusra mai fita. A Afirka ta Yamma an fi kiransu da sunayen annabawa da manyan bayin Allah, irin su Yusufu, Adamu, Idrisu, Ibrahimu, Ayuba, Sulaimanu, Nuhu, Yunusa da Musa.

Daga uwaye ake fitar da 'ya'ya. A ɗauki hawan farko na kowace uwa a jera, an sami siffa ta biyar. Hawa na biyu ya ba da ta shida, haka har ta takwas. Sauran kuma haɗi ne: a ɗora siffa biyu gefe da gefe, inda hawansu ya yi daidai a rubuta biyu, inda ya saɓa a rubuta ɗaya. Ta ɗaya da ta biyu su haifi ta tara, ta uku da ta huɗu su haifi ta goma, a ci gaba har a sami shaidu biyu a gida na 13 da na 14. Haɗin shaidun shi ne alƙali, a gida na 15. A ƙarshe a haɗa alƙali da uwar farko a sami gida na 16, wanda ake ce wa ƙarshen al'amari.

Kowane gida da abin da yake wakilta. Na farko ran mai tambaya ne, na biyu dukiya, na uku 'yan'uwa, na huɗu iyaye da muhalli, na biyar 'ya'ya, na shida cuta, na bakwai aure, na takwas mutuwa, na tara tafiya, na goma sarauta da muƙami, na sha ɗaya buri, na sha biyu maƙiya. Aikin mai duba shi ne ya ga wace siffa ta faɗa wane gida, ya fassara.

Duk wanda ya bi wannan bayani a hankali zai lura da wani abu. Da zarar uwaye huɗun nan sun fito, magana ta ƙare: sauran siffofi sha biyu lissafi ne tsantsa, wanda ɗan sakandare zai iya yi da biro. Yawan shimfiɗun da za su iya fitowa 65,536 ne. Kuma saboda yadda haɗin yake, jimlar ɗigon alƙali kullum cika take, ba ta zuwa mara, don haka siffa takwas kaɗai ke iya zama a gidansa. Masu bugu sun san wannan, da shi suke gane sun yi kuskure a haɗi. Tsari ne mai kyau da ya nuna kaifin basirar waɗanda suka ƙago shi. Sai dai tushensa ɗige-ɗigen da yatsa ya yi ne ba da lissafi ba, kuma babu wata igiya da ta ɗaure yawan ɗigon da zuciyar mijin wata ko sakamakon zaɓen wani.

Matakan koyo

Ba a koyar da wannan a makarantar allo, ba ya kuma cikin jerin littattafan da ake karantawa a zaure, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala. A gefe ake neman sa. Galibi wanda ya yi nisa a karatu ne, ko gardin da ya sauke, yake raɓar wani malami da aka san yana da sirri, ya yi masa hidima, a riƙa ɗebo masa kaɗan-kaɗan. Wasu kuma gado suka yi, da kundin mahaifi mai tsofaffin takardu a cikin gafaka. Yanzu ƙananan littattafan bugun dutse da ake sayarwa a gefen littattafan addini, da darussan da ake turawa ta WhatsApp, sun rage wa sirrin tsada.

Matakin farko hadda ce: siffofi sha shida da ɗabi'ar kowace. Wannan ta wuta ce, waccan ta iska ko ruwa ko ƙasa. Wannan namiji, waccan mace. Wannan mai shiga ce, tana nuna samu, waccan mai fita, tana nuna rashi. Kowace da launinta, da ranarta, da irin mutumin da take siffantawa, da sadakar da ake cewa a fitar in ta bayyana: farin goro, jan zakara, ƙyalle, gero. Mataki na biyu shi ne saurin haɗi ba kuskure. Bayan haka sai izini daga malami, wanda masu fannin ke cewa in babu shi yashi ba ya magana.

Tare da wannan ake koyon hisabi. Kowane harafin Larabci yana da lamba, sunan Muhammad misali 92 ne. A haɗa lambar sunan mutum da ta sunan mahaifiyarsa, a raba da sha biyu, abin da ya rage shi ne burujinsa, sai a buɗe littafi a karanta masa halinsa da rabonsa. Littafin da aka fi yin wannan da shi ana jingina shi ga Abu Ma'ashar, masanin taurarin Bagadaza da ya rasu a 886. Da irin lissafin nan ake cewa taurarin saurayi da budurwa sun dace ko ba su dace ba. To a garin Gombe kaɗai, Muhammadu nawa ne sunan mahaifiyarsu A'ishatu? A wannan lissafi dukkansu rabonsu ɗaya, alhali wani na tuƙa Keke Napep, wani likita ne, wani kuma tun yana jariri ya koma.

Katin da ya fara a matsayin wasa

Tarihin tarot ya fi na yashi fitowa fili, don takardunsa na nan. Karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370 daga ƙasashen Musulmi, kuma a fadar Topkapi ta Istanbul akwai tsohuwar karta ta zamanin Mamalik na Masar, mai gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sanduna. Wajen 1440, a arewacin Italiya, aka ƙara wa irin wannan karta wasu katuna masu hotuna don wani wasa na 'yan sarauta. Katunan da aka zana wa gidajen Visconti da Sforza, masu mulkin Milan, har yau suna nan a gidajen tarihi. Cikakken jerin tarot kati 78 ne: 56 na gidaje huɗun nan, da manya 22 masu hotuna kamar Wawa, Sarki, Masoya, Mutuwa, Hasumiya, Tauraro, Wata da Rana. Sama da shekara 300 wasa kawai ake yi da su, kuma a Faransa har gobe ana buga shi a matsayin wasa.

A 1781 ne wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa katunan ɓoyayyen littafin hikimar Masar ta dā ne. Ba shi da hujja, a lokacin ma babu mai iya karanta rubutun Fir'aunonin, sai a 1822 Champollion ya warware shi, ba a kuma sami tarot a ciki ba. Amma labarin ya yi daɗi, ya bazu. Wani ɗan ƙasarsa da ya yi suna da Etteilla ya wallafa hanyar duba da katin, ya fitar da nasa jerin. Wanda aka fi gani a bidiyo yau an buga shi ne a Landan a 1909, Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana.

Mai koyon tarot shi ma da hadda yake farawa: ma'anar kowane kati in ya fito a miƙe, da ma'anarsa in ya fito a kife. Sai ya koyi shimfiɗa, mafi sauƙi ita ce ta kati uku, na jiya da na yau da na gobe, akwai kuma ta kati goma. Ana cakuɗa katunan, mai tambaya ya yanka, a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ko katin Mutuwa ne ya fito, ana koya wa ɗalibi ya fassara shi da ƙarshen wani yanayi da farkon wani. Ginin dai iri ɗaya ne da na yashi: abu ya faɗo bisa katari, a ɗora shi a gidan da aka riga aka ba ma'ana, a kuma jingina asalin fannin ga wani tsohon zamani mai kwarjini. Can an ce Masar, nan an ce Annabi Idrisu.

Darasin da ba ya cikin littafi

To in haka ne, me ya sa mutane ke fitowa suna rantsuwa cewa malam ya faɗi gaskiya? Amsar tana cikin mataki na ƙarshe na koyo, wanda almajiri ke ɗauka ta zama kusa da malaminsa shekara da shekaru yana kallo. Shi ne karatun mutum.

Mace ta shigo da mayafi a fuska, shekarunta sun kai talatin, ba lalle a hannunta, idonta ya yi ja. Tun kafin ta zauna gogaggen mai duba ya rage zato: ko aure, ko haihuwa, ko kishiya. Sai ya bugi ƙasa ya ce yana ganin damuwa a gida na bakwai, akwai kuma wata mace a tsaye a kan lamarin, ba fara ba ce sosai, ba kuma baƙa ba. Ya yi shiru yana kallon yashi, kunnensa na wajenta. Ita da kanta za ta ce, "Wallahi malam, ita ce." Daga nan duk abin da zai faɗa daga bakinta ya tsinto shi. Maganar tasa kamar jifa ce a cikin kasuwa ranar cinta, dole ta sami wani.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, sannan ya miƙa wa kowa takardar da ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su auna dacewarta daga sifili zuwa biyar, matsakaicin makin da suka ba ta ya kai kusan 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto jimlolinta. Ɗan Adam yana riƙe abin da ya dace da shi, ya manta wanda bai dace ba. In abin da aka faɗa ya faru, sai labari ya zaga unguwa. In bai faru ba, sai a ce sadakar ce ba a fitar daidai ba, ko maƙiya sun sake sabon aiki.

Gaskiya ne ba kowane mai duba ne yake jin yana yaudara ba. Da yawa sun gaskata abin da suka gada. Kuma akwai abin da suke bayarwa wanda ya yi ƙaranci a wasu wuraren: suna zama su saurari mutum, ba gaggawa, ba gori, ba tonon asiri. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Matsayin addini

A nan malaman Gombe, na Izala da na ɗariƙa, ba su da saɓani a kan asalin hukunci, ko da sun saɓa a kan laya da rubutun sha. Alƙur'ani a Suratul An'am da Suratun Naml da ƙarshen Suratu Luƙman ya keɓe sanin gaibu ga Allah shi kaɗai. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya nuna cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Masu bugun ƙasa sukan kafa hujja da wani hadisin na Muslim, wanda Mu'awiya ɗan Hakam ya ruwaito, mai ambaton wani annabi da yake yin zane. Imam Nawawi ya yi sharhin cewa hadisin hani yake nunawa, tunda babu hanyar da wani zai tabbatar zanensa ya dace da na wancan annabi. Kiristocin jihar ma littafinsu ya hana duba da sihiri, a sura ta 18 ta Maimaitawar Shari'a.

Abin da Musulunci ya bayar a madadin haka shi ne shawara da istihara: mutum ya yi nafila raka'a biyu da kansa, ya roƙi zaɓin Allah, ya ci gaba da lamarinsa. Abin takaici, sunan istihara ma an ara an yafa wa duba. Sai ka ji an ce an kai sunan yarinya a yi mata istihara, malam ya kwana ya ga ba alheri, an fasa aure.

Inda ɓarnar take

Kafin alƙalami da kuɗin zakara su ne mafi ƙanƙantar asara. Babbar ɓarna tana gida na sha biyu, gidan maƙiya. Mai duba ba ya cika sallamar mutum da cewa matsalarsa tsadar kaya ce, ko rashin jari, ko cutar da likita zai gane. Abin da ke dawo da mai tambaya shi ne a ce masa akwai hannu a lamarinsa. Hannun nan kuwa kullum na kusa ne: kishiya, uwar miji, matar wa, maƙwabcin shago. Da magana ɗaya a kan yashi zumuncin shekara talatin yake rushewa, a raba 'yan uba, a saka wa tsohuwa sunan mayya a unguwa.

Sai gida na shida. Farfaɗiya, taɓin hankali, ciwon daji, rashin haihuwa, duk suna cikin cututtukan da aka fi cewa sammu ne ko iska. Watannin da ake ɓatawa ana turare da sadaka su ne watannin da magani ya fi amfani, kuma sau da yawa sai jiki ya gama lalacewa ake ɗaukar marar lafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ga kuma 'yan damfarar da suka fake da wannan riga, musamman a intanet, inda ake karɓar kuɗi ta banki da hotunan mata, daga baya a juya a yi musu barazana da su. Dokar hukunta laifuka ta tanadi hukuncin damfara, amma kunya kan hana waɗanda aka cuta kai ƙara.

Abin da ya rage mana

Tsofaffin takardun ramli da hisabi da hatimai da ke gidajen malamai wani yanki ne na tarihin ilminmu, bai kamata gara ta cinye su ba. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya nuna hanya da binciken digirinsa na uku a Jami'ar Bayero kan ayyukan malaman tsibbu. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere suna da sassan tarihi da harsuna da lissafi da za su iya tattara irin waɗannan takardu su yi nazarinsu. Bayyana yadda abin yake aiki a fili shi ne ke cire masa kwarjini, domin wanda ya san cewa siffa takwas kaɗai ke iya zama alƙali ba zai yi rawar jiki a gaban faifan yashi ba, haka wanda ya san tarot wasan 'yan sarautar Italiya ne ba zai sa rayuwarsa a hannun mai bidiyo ba.

Wa'azi kaɗai ba zai rufe zaurukan duba ba muddin su ne wurin da mai damuwa ke samun kunnen saurare. Limamai da fastoci su ware lokacin ganawa da mutane a keɓe, a kuma sami malamai mata da 'yan'uwansu mata za su iya faɗa wa abin da ke cin su ba tare da ya fita waje ba. Iyaye su saurari 'ya'yansu kafin wani baƙo a waya ya saurare su. Asibitoci su ƙarfafa sashen ba da shawara da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kai kuma mai karatu, in damuwa ta kai ka bango, nemi likita a kan cuta, masani a kan kasuwa, dattijon kirki a kan rikicin gida, ka yi istihararka da kanka. Duk wanda ya buga yashi ko ya buɗe kati ya ambata maka sunan maƙiyi a cikin danginka, tashi ka bar masa wurin, kada ka sayar da ɗan'uwanka a kan ɗigon yatsa.